Masu Maganin Shipibo da Tsirran Amazon: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban kiwon lafiya, da ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa, da 'yan uwa mazauna Turai da Amurka waɗanda abokan aiki ko tallace-tallacen intanet suka kwaɗaita wa tafiya ƙasar Peru neman magani. An jera su daga na share fage zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta. Bayani ne na ilimi, ba ya maye gurbin ganin likita.

Su wane ne Shipibo, kuma a ina suke zaune?

Shipibo-Konibo al'umma ce ta asali da ke zaune a gaɓar kogin Ucayali da rassansa, a gabashin ƙasar Peru, cikin dajin Amazon. Kogin Ucayali shi ne yake haɗuwa da kogin Marañón su zama kogin Amazon. Tun farko ƙabilu uku ne masu harshe kusan iri ɗaya, wato Shipibo da Konibo da Xetebo, sai auratayya da zaman tare suka haɗe su suka zama al'umma guda. Harshensu yana cikin dangin harsunan Pano, kuma ƙidayar da aka yi a Peru a 2017 ta nuna waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa sun ɗan haura 34,000.

Babban birnin yankinsu shi ne Pucallpa, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin sama daga Lima, babban birnin ƙasar, kuma a gefensa akwai tafkin Yarinacocha inda ƙauyen San Francisco yake, ɗaya daga cikin ƙauyukan da baƙi suka fi sani. Sana'o'insu na gado kamun kifi ne, da noman ayaba da rogo, da ginin tukwane da ɗinkin ado da mata suka shahara da su. Neman abinci ya kai wasunsu har unguwar Cantagallo a birnin Lima, ya kuma kai masu maganinsu cibiyoyin da ke kewayen biranen Iquitos da Cusco, har ma da ƙasashen waje.

Wane ne ake kira onanya?

Onanya shi ne mai maganin da ya yi doguwar koyo a hannun wani babba, har ya kai yana gano cuta, yana rera waƙoƙin magani, yana kuma jagorantar zaman dare. Idan suna da yawa ana ce musu onanyabo. Sama da shi akwai matsayin meraya, wanda a labarin dattawa yakan shiga gidan sauro shi kaɗai ya yi hulɗa da ruhohi, kuma Shipibo da yawa suna cewa irin waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai a yau. A ɗaya gefen akwai yobe, mai amfani da ilimin don cutar da mutane, kuma tsoron jifa da sammu wani babban ɓangare ne na rayuwar yankin wanda masu tallata cibiyoyin magani ba su cika ambata ba.

Ba kowane mai magani ne onanya ba. Akwai masana ganye da saiwa waɗanda ba su da ruwa da zaman dare, akwai ungozomai, akwai masu ɗori da masu tausa, kuma su ne suka fi ɗaukar nauyin lafiyar ƙauye a kullum. Mata sun daɗe suna riƙe da ilimin tsirrai da na haihuwa, amma fitowarsu a matsayin jagororin zaman ayawaska, wani ruwan tsirrai mai juya hankali da za a bayyana a ƙasa, ya fi yawaita ne a 'yan shekarun nan, tun da baƙi suka fara zuwa da yawa, musamman mata baƙi da suka fi sakin jiki da 'yar uwarsu mace.

Yaya mutum yake zama onanya?

Hanyar ita ce abin da suke kira samá a harshensu, dieta da Sifaniyanci. Mai koyo yakan keɓe kansa a wata bukka nesa da jama'a, ya riƙa shan ruwan wani tsiro guda da malaminsa ya zaɓa masa, ya kuma ƙaurace wa gishiri da sukari da mai da barkono da naman alade da barasa da jima'i. Abincinsa bai wuce ɗanyar ayaba dafaffiya ko gasasshiya ba, da wasu nau'o'in kifi marasa kitse, wani lokaci da 'yar shinkafa. Keɓewa ɗaya tana iya ɗaukar makonni ko watanni, wasu har shekara, kuma wanda ake ganin ya ƙware yakan yi irinta sau da dama da tsirrai daban-daban cikin shekaru masu yawa.

A fahimtar Shipibo, kowane tsiron magani, wanda suke kira rao, yana da mai shi, wato wani ruhi da ke tsaronsa. Idan mai koyo ya yi haƙuri da yunwa da kaɗaici, mai tsiron yakan zo masa a mafarki ko a wahayi ya ba shi waƙa, ya nuna masa cutar da tsiron yake warkarwa da yadda ake haɗa shi. Idan kuwa ya karya doka, misali ya ɗanɗana abin da aka hana shi ko ya kusanci mace kafin wa'adi, sun yi imani tsiron zai juya masa, ya jawo masa ciwon fata ko ruɗewar hankali, sai malami ya yi aiki a kansa kafin ya daidaita. A ƙarshen wa'adi malamin ne yake rufe keɓewar da waƙa, sannan a ba mai koyo gishiri a hankali ya koma cin abinci.

Wannan doguwar wahala ita ce ma'aunin da Shipibo suke auna junansu da shi, domin tambayar farko da sukan yi game da mai magani ita ce waɗanne tsirrai ya yi wa dieta, a hannun wa, kuma tsawon wane lokaci. Ganin haka ne ya sa dattawansu suke jin zafin baƙon da ya yi wata uku a daji ya koma ƙasarsa ya buɗe wajen magani da sunansu.

Mene ne ayawaska, kuma yaya take aiki a jiki?

Ayawaska, wadda ake rubutawa ayahuasca a littattafai, wani ɗaci ne mai kauri da ake dafawa daga tsirrai biyu: kurangar daji mai nannaɗe bishiya da masana suke kira Banisteriopsis caapi, da ganyen chacruna, wato Psychotria viridis. Shipibo suna ce mata oni ko nishi. Ana dandaƙa kurangar, a shimfiɗa ta a tukunya hawa-hawa da ganyen, a zuba ruwa a yi ta dafawa awanni masu yawa har ruwan ya tsotse. Bature na farko da ya bayyana kurangar a ilimin tsirrai shi ne Richard Spruce, ɗan Ingila, wanda ya gamu da ita a 1852 a yankin kogin Vaupés.

Ganyen yana ɗauke da sinadarin DMT, wanda shi ne yake kawo gane-gane. Da mutum zai ci ganyen shi kaɗai, wani sinadari na jiki da ke cikin hanji da hanta, mai suna MAO, zai rushe DMT ɗin kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Kurangar kuwa tana ɗauke da harmin da harmalin, waɗanda suke dakatar da aikin MAO na wasu awanni, sai DMT ya samu hanyar shiga jini. Aikin yakan fara bayan minti 20 zuwa 60, ya ɗauki kimanin awa 4, tare da amai, wani lokaci da gudawa, da ɗan hawan jini da saurin bugun zuciya. Wannan dakatar da MAO shi ne tushen yawancin haɗarin da ake fuskanta idan an haɗa ta da magungunan asibiti, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi waɗanda bai kamata su sha ba.

Me ke faruwa a daren magani?

A cibiyoyin da suke karɓar baƙi, ana taruwa da misalin ƙarfe 8 na dare a wani babban ɗaki zagayayye mai rufin ganye da ake kira maloka. Kowa yana da katifarsa a jikin bango da bokitin amai a gefensa. Ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su karɓi ɗan ƙaramin kofi, sannan a kashe fitila, a zauna shiru kusan rabin awa ko fiye, babu abin da ake gani sai jan wutar tabar mapacho a bakin masu magani. Daga nan sai a ji ɗaya daga cikinsu ya fara busa iska a hankali ta tsakanin haƙora, kamar mai fito a ɓoye, kafin waƙar ta fito fili.

Abin da ya bambanta Shipibo da sauran masu aikin ayawaska na yankin shi ne yawanci ba sa amfani da ganga ko damin ganyen da wasu suke kaɗawa. Murya ce kawai, kuma sau da yawa siririya ce ƙwarai, ko da mai rerawar namiji ne. Onanya yakan taso ya zauna daf da majinyaci, gwiwa da gwiwa, ya rera masa waƙar da ta dace da abin da ya ce ya hango a jikinsa, ta minti goma ko ashirin, sannan ya guntsi ruwan turaren da ake kira agua florida ya fesa masa a tsakar kai da tafin hannu, ko ya hura masa hayaƙin taba. Idan masu magani huɗu ko biyar ne a ɗakin, kowa yana rera tasa waƙar a lokaci guda, muryoyin suna shiga juna. Ana tashi bayan tsakar dare.

Dole ne majinyaci ya sha ayawaskar?

A tsarin gargajiya ba dole ba ne, hasali ma a da onanya ne yake sha domin ya hango cutar, majinyaci yana kwance yana sauraron waƙa kawai. Har yau a ƙauyuka uwa takan kawo yaro mara lafiya a rera masa, ba tare da an ɗiga masa komai a baki ba. Raba kofi ga kowa da kowa al'ada ce da ta ƙarfafa bayan zuwan baƙi, waɗanda suka zo da nufin su ga abin da idonsu. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa a wurin masu abin, waƙa da dieta da tsirran da za a rubuta wa mutum washegari su ne jinyar, ayawaska kuwa fitilar da mai magani yake dubawa da ita ce.

Mene ne alaƙar waƙoƙin da zanen da ake gani a tufafinsu?

Waƙoƙin magani an fi saninsu da suna ikaro. Ba a haddace su kalma da kalma ba; akwai karin da aka gada da jimlolin da ake maimaitawa, amma mai magani yana tsara baitocin ne nan take, yana kiran sunayen tsirran da ya yi wa dieta, yana cewa yana wanke jiki, yana miƙe tunani, yana rufe ƙofa ga iskar cuta. Zanen kuwa shi ne kené, layuka masu lanƙwasa da kusurwa da mata suke yi a tukwane da zannuwa da fuska. Gwamnatin Peru ta ayyana kené a matsayin gadon al'adun ƙasa a 2008, ta yi wa ikaro na Shipibo haka a 2016.

Masu sayar da zannuwa sukan gaya wa baƙo cewa kowane zane waƙa ce da ake iya karantawa, har wata ta bi layin da yatsa tana rerawa. Wannan ra'ayi ya yaɗu ne bayan rubuce-rubucen masaniyar al'adu Angelika Gebhart-Sayer a shekarun 1980. Daga baya masanin kiɗan al'ummomi Bernd Brabec de Mori, wanda ya daɗe yana aiki a Ucayali, ya kawo hujjojin cewa karanta zane kamar rubutacciyar waƙa sabon abu ne da ya bunƙasa tare da kasuwar baƙi, kuma ita kanta ayawaskar ba ta kai tsufan dubban shekarun da ake yi mata a yankin ba. Wannan bai rage wa zanen ko waƙar daraja ba, sai dai yana tuna wa mai karatu cewa al'adar tana raye, tana kuma amsa buƙatar kasuwa kamar kowace al'ada.

Ban da ayawaska, waɗanne tsirrai suke aiki da su?

Suna da yawa, kuma galibinsu ba sa juya hankali. Akwai ajo sacha mai warin tafarnuwa, da ake wanka da shi ko a sha don ciwon gaɓoɓi da korar rashin sa'a. Akwai bobinsana da ke fitowa a bakin ruwa. Akwai chiric sanango, wanda yake sa sanyi da karkarwa a jiki kuma yana da guba idan aka wuce ƙima. Akwai piripiri, dangin aya, mai nau'o'i da dama, wanda ake ɗiga ruwan wani nau'insa a idon 'yan mata domin su iya zane. Ƙaron bishiyar ojé maganin tsutsar ciki ne mai ƙarfi da ya sha jawo guba a hannun wanda bai san awo ba. Jan ƙaron sangre de grado ana shafa shi a rauni, kuma daga gare shi aka samo maganin crofelemer da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012 don gudawar masu shan maganin cutar ƙanjamau.

Taba tana da matsayi na musamman. Mapacho, wato Nicotiana rustica, ta fi tabar sigari yawan nikotin nesa ba kusa ba, kuma ana hura hayaƙinta don kariya, wasu kuma suna ba da ruwanta a sha don wankin ciki. Ruwan taba yana iya kisa, kuma a 2015 wani matashi ɗan New Zealand ya rasu bayan ya sha shi a wata cibiya kusa da Iquitos.

To mene ne aikin masana halayyar ɗan Adam a nan?

Baƙon da ya zo daga Jamus ko Kanada yawanci ba zazzaɓi ko maita ce ta kawo shi ba. Ciwon damuwa ne, ko baƙin cikin rashi, ko firgicin da yaƙi ko fyaɗe ya bari, ko jarabar ƙwaya. Ba ya jin Shipibo, ƙila ma ba ya jin Sifaniyanci, kuma onanya ba mai doguwar hira ba ne: ya duba, ya rera, ya ba da ganye, ya ce a jira. Wannan giɓi ne masana halayya da masu ba da shawara suka shigo su cike, kuma aikinsu ya kasu uku. Kafin tafiya suna tantance mutum, su binciki tarihin lafiyarsa da na danginsa da magungunan da yake sha, su mayar da wanda bai dace ba. A lokacin zaman suna tsaye a gefe don wanda ya firgita ko ya rikice, suna kuma yin tafinta tsakaninsa da mai magani da safe.

Kashi na uku shi ne mafi tsawo, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum yakan koma gida da abubuwan da suka taso masa, tsohon tabon yarinta ko wani hukunci da yake ganin an ba shi a wahayi, kamar ya saki matarsa ko ya ajiye aikinsa. Gogaggen mai ba da shawara yakan roƙe shi ya dakata da duk wani babban mataki na wasu makonni, ya zauna da shi su tace abin da ya gani, su raba abin da ya faru da gaske da abin da ƙwaƙwalwa ta ƙaga, domin ba duk abin da aka tuna a cikin maye ne ya taɓa faruwa ba.

Tsohon misali na haɗa hanyoyin biyu shi ne cibiyar Takiwasi da ke birnin Tarapoto a yankin San Martín na Peru, wadda likita ɗan Faransa Jacques Mabit ya kafa tare da abokan aikinsa a 1992 don jinyar masu jarabar ƙwaya, inda majinyaci yake zama kimanin wata 9, ko da yake tushenta al'adar yankin San Martín ce, ba ta Shipibo ba. Cibiyar Temple of the Way of Light da ke kusa da Iquitos kuwa da masu maganin Shipibo take aiki, kuma a nan aka yi ɗaya daga cikin binciken da aka ambata a ƙasa.

Ba a samun saɓani tsakanin ɓangarorin biyu?

Ana samu, domin ba su yarda a kan asalin cuta ba. Inda masanin halayya ya ga tabon yarinta, onanya yana iya ganin hassadar wani ko mugun iska da ya shiga jiki, kuma idan ya gaya wa mai rauni a zuciya cewa wani na kusa da shi ne ya jefe shi, zargi da tsoro suna iya ƙaruwa. A ɗaya ɓangaren, masu maganin suna kukan cewa ana mayar da su mawaƙan haya: a kira su da dare su rera, da safe kuma baƙo mai takardar jami'a ya zauna ya fassara abin da ya faru, shi ne mai faɗa a ji, shi ne kuma mai babban albashi. Inda aikin yake tafiya daidai, kowa ya san iyakarsa, likita yana da ikon cewa wannan mutum ba zai sha ba, onanya kuma yana da ikon tsara dieta da tsirrai ba tare da an yi masa katsalandan ba.

Me binciken kimiyya ya tabbatar?

Akwai alamu masu ƙarfafa gwiwa, amma ƙanana ne. Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Fernanda Palhano-Fontes da abokan aikinta suka yi a birnin Natal na Brazil, aka buga a 2019. Mutum 29 ne masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, aka ba wasu ayawaska sau ɗaya, aka ba sauran wani ruwa mai kama da ita. Bayan mako ɗaya, kashi 64 cikin 100 na waɗanda suka sha ta gaskiyar sun samu sauƙi a fili, a ɗaya rukunin kuwa kashi 27. A asibiti aka yi wannan gwaji, babu onanya babu ikaro. A 2020 kuma Débora González da masu bincike na ƙungiyar ICEERS ta Barcelona sun buga sakamakon bibiyar mutum 50 masu baƙin cikin rashi da suka yi jinya a hannun masu maganin Shipibo, suka ga sauƙin da ya ɗore har shekara guda, sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi.

Matsalar irin wannan bincike a bayyane take. Wanda ya biya kuɗi mai yawa ya ƙetare teku yana zuwa da kyakkyawan zato, ya huta daga aiki da waya da barasa, ya samu masu sauraronsa, kuma duk waɗannan suna iya kawo sauƙi ko babu ayawaska. Game da ciwon daji da ciwon suga da makamantansu, babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna tana warkar da su, kuma duk wanda ya ce a bar maganin asibiti saboda ita ya jefa rai cikin haɗari.

Wane ne bai kamata ya sha ba?

Na farko shi ne mai shan magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline, domin haɗuwarsu da abin da ke dakatar da MAO tana iya tara sinadarin serotonin fiye da kima, ta kawo zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar tsoka da farfaɗiya, har da mutuwa. Tramadol, wanda ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, yana cikin wannan sahu, haka ma maganin tari mai dextromethorphan, da lithium, da ƙwayoyi masu ƙara kuzari. Barin maganin damuwa farat ɗaya don a samu shiga zaman shi ma haɗari ne, kuma fluoxetine yana ɗaukar makonni kafin ya bar jiki. Sai masu ciwon zuciya, da hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da farfaɗiya, da mata masu ciki, da duk wanda shi ko wani na jininsa ya taɓa samun taɓin hankali mai sa gane-gane da jiye-jiye, ko ciwon da ke kai mutum daga matsanancin zumuɗi zuwa matsananciyar damuwa.

Wani babban bincike na jin ra'ayi da aka buga a 2022, wanda ya ƙunshi mutum sama da 10,000 daga ƙasashe fiye da 50, ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 sun fuskanci illa a jiki, galibi amai, kashi 2.3 sun buƙaci ganin likita, fiye da rabi kuma sun ambaci wata damuwar zuciya a makonnin da suka biyo baya, ko da yake mafi yawansu sun ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na samun sauƙi. A tuna cewa cibiyoyi da yawa suna cikin daji, tafiyar awanni a kwalekwale ko babur kafin a kai asibiti.

Akwai haɗarin da ba na maganin kansa ba?

Akwai, kuma mata ne suka fi fuskantarsa. An samu rahotannin cin zarafi da fyaɗe daga masu magani na gida da na waje, sau da yawa da sunan tausa ko wankan ganye na musamman a keɓe, har cibiyar Chacruna, wata ƙungiya mai nazarin tsirran da ke juya hankali, ta fitar da jagorar faɗakarwa kan haka. Babu wata hukumar da ke ba onanya lasisi, don haka kowa yana iya sanya riga mai kené ya kira kansa maestro, wato gwanin magani. Wasu marasa amana suna ƙara toé a tukunya don gane-ganen ya yi ƙarfi. Tsiro ne ɗan gidan su zaƙami, mai sinadarai iri ɗaya da nasa, kuma duk wanda ya taɓa ganin abin da zaƙami yake yi wa matashi ya san abin da ake nufi.

Me doka ta ce?

A Peru halal ce a doka, kuma a 2008 hukumar al'adu ta ƙasar ta ayyana ilimin gargajiya na ayawaska a matsayin gadon ƙasa. DMT kuwa yana cikin rukuni na farko na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu juya hankali, wadda Nijeriya da Nijar suke cikinta. Hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar ta bayyana cewa tsirran kansu da ruwan da aka dafa daga gare su ba sa ƙarƙashin ikonta, ta bar wa kowace ƙasa hukuncinta. Faransa ta haramta a 2005. Brazil ta yarda da ita don ibadar ƙungiyoyi irin su Santo Daime da União do Vegetal, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ba reshen União do Vegetal gaskiya a 2006, amma wannan bai shafi kowa da kowa ba. An kama mutane a filayen jiragen sama na ƙasashe da dama da kwalbarta a jaka, har da masu magani 'yan asalin Amazon.

Yaya lamarin yake a fuskar addini?

Ga Musulmi akwai matsaloli biyu da ba a iya kauce musu. Ta farko ita ce gusar da hankali, kuma hadisi ingantacce ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Sassaucin da malamai suke yi wa allurar barci a tiyata ya rataya ne ga lalura da hukuncin amintaccen likita. Ta biyu ta fi nauyi, wato kiran ruhohin tsirrai da neman taimakonsu, wanda shi ne ƙashin bayan waƙoƙin kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi koyo, kuma wannan ya taɓa tauhidi kai tsaye. Tsirran da ake sha ko shafawa don sinadarinsu kawai, irin sangre de grado, ba su shiga wannan babi ba. A cikin Shipibo kansu akwai Kiristoci da yawa, wasu sun bar ayawaska baki ɗaya bisa koyarwar cocinsu, wasu kuma suna ambaton Yesu a cikin ikaro.

Me Shipibo suke samu daga wannan kasuwa?

Baƙo yakan biya dala 1,000 zuwa 3,000 ko fiye don zaman mako ɗaya ko biyu, amma manyan cibiyoyi da yawa mallakar 'yan ƙasashen waje ne, kuma kason mai magani ƙarami ne idan aka kwatanta. Duk da haka kuɗin ya gina gidaje, ya biya kuɗin makaranta, ya kuma sa matasa sun dawo suna son koyon abin da a da suke jin kunyarsa. Asarar ita ce ƙwararru suna barin ƙauye su tafi inda dala take, kurangar da ke ɗaukar shekaru kafin ta nuna tana ƙaranci a dazukan kusa da birane, kuma gasa tana haifar da gaba. Zargin wawure ilimi ma tsoho ne: a 1986 wani Ba'amurke, Loren Miller, ya samu haƙƙin mallakar wani nau'in kurangar a Amurka, ƙungiyar COICA ta al'ummomin Amazon ta ƙalubalance shi aka soke a 1999, aka mayar masa a 2001, wa'adinsa ya ƙare a 2003.

Ranar 19 ga Afrilu 2018 aka harbe Olivia Arévalo Lomas, shahararriyar onanya mai shekara 81, a ƙauyen Victoria Gracia kusa da Pucallpa. Mutanen gari sun kashe wani ɗan Kanada da ya zo koyon magani, wanda daga baya masu gabatar da ƙara suka ce hujjoji sun nuna shi ya yi harbin. A watan Agusta na wannan shekara masu maganin Shipibo suka taru a Yarinacocha suka fitar da sanarwar da ta yi tir da kwasar iliminsu na ruhi kamar yadda ake kwasar katako da man fetur, suka kuma kafa ƙungiyarsu ta ASOMASHK.

Su kansu suna zuwa asibiti?

Suna zuwa idan sun samu hali, kuma onanya da yawa sukan ce wa majinyaci wannan ciwon na likita ne, ka tafi a yi maka allura ko tiyata. Matsalar ita ce nisa da tsada da wulaƙancin da sukan tarar. A 2020, lokacin da annobar korona ta cika asibitocin Pucallpa har iskar oksijin ta yanke, wasu matasan Shipibo, cikinsu akwai malaman makaranta da masu zane, suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Comando Matico, suna yi wa marasa lafiya surace da ganyen matico, da shayin citta da tafarnuwa, da tausa, suna haɗawa da magungunan zazzaɓi na kemis da taimakon ma'aikatan jinya. Ba a yi gwajin da ya nuna ganyen yana kashe ƙwayar cutar ba, amma sun kula da ɗaruruwan mutanen da ba su sami gado a asibiti ba.